Kugen Isamu

Kwana biyu da dawowar Motoki garinsu Tokushima, uwarsa Kinue ta ajiye masa karin kumallo: shinkafa, gasasshen kifi, ɓarin lemun tsami, sai kugen babansa. Kuge ne na tagulla mai faɗin faranti, da sandar bugunsa mai kan ƙahon barewa. Ta ajiye shi kusa da kwanon shinkafar kamar shi ma abin ci ne.

"Ranar sha biyar za mu fita," in ji ta. "Ƙarfe biyar na yamma."

Ya tambaye ta su wa. Ta ce su wa kuwa, ƙungiyar unguwa.

Babansa Isamu ya rasu a watan Maris. Motoki ya zo jana'iza, ya yi kwana huɗu ya koma Kanada, inda ya tafi karatu yana ɗan shekara sha takwas, ya kuma zauna shekara ashirin da uku yana lissafin nauyin da gada za ta iya ɗauka. Yanzu watan Agusta ne, Obon na farko bayan rasuwar, kwanakin da matattu ke zuwa gida baƙunta. An riga an rataye farar fitilar takarda a ƙofa don sabon mamaci ya gane hanya. Wannan ya sani, shi ya kawo shi. Maganar kuge ce bai zo da shirinta ba.

Ƙungiyar rawar unguwarsu mutum ashirin da shida ce, mafi yawansu sun haura sittin. Ba sa shiga tsakiyar gari inda manyan ƙungiyoyi ke rawar Awa, rawar gargajiyar garin, a gaban kujerun 'yan kallo. Titinsu suke bi, daga ƙofar haikali zuwa shagon awara na kan kwana, su tsaya, su sha shayi mai sanyi, su watse. Suna da ganga uku, molo biyu, sarewa ɗaya. Kuge ɗaya ne. Shi ke tayar da rawa, shi ke riƙe ta, shi ke tsayar da ita, kuma shekara arba'in da shida Isamu bai taɓa barin wani ya fita da shi ba. In babu mai kuge, babu fita.

Motoki ya ce rabonsa da taɓa shi tun yana sakandare, a tsakar gida, baban yana tsaye a kansa yana tsaki. Kinue ta ce bugu biyu ne ake maimaitawa, ko ɗan yaye ya iya.

"Wannan ne zuwansa na farko a matsayin baƙo," ta ce. "In ya zo ya tarar da titi shiru, zai ɗauka mun tashi."

Ya dubi fuskarta ko wasa take yi. Ƙaya take cirewa daga kifi.

Da hantsi Goggo Masae ta zo. Yayar Isamu ce, shekararta tamanin da ɗaya. Tunda take ba ta taɓa ɗaga hannu ta yi rawa ba, amma kowace shekara sai ta bi ƙungiyar a gefen titi da lemarta, tana lissafa wanda ya yi kuskure. Ta kunna turare a gaban hoton ƙanenta, ta sunkuyar da kai, tana ɗagowa ta hangi kugen a kan tebur. Ta tambayi wa ya sauko da wannan. Kinue ta shige kicin.

Masae ta zaunar da Motoki. Ta ce gidan da ke da farar fitila a ƙofa ba ya rawa a shekarar farko, kowa ya san wannan. Rawar nan ba ibada ba ce, asalinta maye ne. Ubangidan ƙasar ne ya gama gina fadarsa shekara ɗari huɗu da suka wuce, ya rarraba wa talakawa giyar shinkafa, suka sha suka bugu, suka fito titi suna tangaɗi. Tangaɗin nan shi ake kwaikwayo har yau.

"Mai hankali yana jefa hannun dama da ƙafar dama a lokaci ɗaya? Kai da ka yi karatu, gaya mini. Uwarka ta fita ta yi tafiyar mashaya, tokar gawar mijinta ba ta yi wata shida a kabari ba?"

Motoki ya ce zai yi tunani. Ta ce tunanin me, ai ta gama masa.

Maganar ta shige shi. Shi mutum ne da ya saba da ƙa'ida: in ka san dalilin da aka gina abu, ka san abin da zai iya ɗauka. In rawar ta maye ce, Goggo ta yi gaskiya. In ta matattu ce, uwarsa ce ta yi gaskiya. Abin da ya rage kawai ya gano wacce ce. Ya ɗauka aikin wuni ɗaya ne.

Ya sami Kawu Tamotsu a bakin tashar jiragen ruwa yana gyaran koma. Shi ne shugaban ƙungiyar, shi ke kaɗa babbar ganga, abokin Isamu ne tun suna yara, kuma kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Da ya ji abin da Masae ta ce, ya yi dariya har ya ajiye allurar.

"Masae? Matar da ko a bikin aurenta ba ta motsa ƙugu ba?"

Ya ce rawar ta matattu ce, ba wani fada ba wata giya. Matan masunta ne, waɗanda teku ya cinye mazajensu, suke tsayawa a bakin ruwa a kwanakin Obon su yi ta kiran sunayensu. In mazan sun zo, sai a yi musu rawa don kada su ga an yi zaman makoki su ƙi komawa. Saboda haka gidan da ya yi sabon rashi shi ya kamata ya tsaya a sahun gaba. Motoki ya ji sanyi a ransa. Don dai ya rufe maganar, ya ce ke nan labarin fada ƙarya ne.

Tamotsu ya ce a'a, wannan ma gaskiya ne, kakansa ya ba shi labarin, har ya ce giyar ta kwana uku ba ta ƙare ba.

Motoki ya tambaye shi wanne ya riga wanne. Tsohon ya juyo masa da mataccen kunnen ya ci gaba da ɗinki. Da Motoki zai tafi ne tsohon ya ce masa gobe da yamma akwai gwaji a filin haikali, ya zo da kugen.

Bai je ba. Ya tafi gidan Malam Okahisa, mai sarewar ƙungiyar, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da tarihi a sakandare. Ɗakinsa takardu ne har rufi, abin da ya ba Motoki ƙwarin gwiwa. Malam ya ba shi shayi, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce shi dai bai taɓa ganin takardar zamanin da ta ambaci giyar fada ba. Maganar matattu kuma, ai duk ƙasar ana yi wa matattu rawa, a hankali, a da'ira, to me ya sa tasu ta zama sukuwa a kan titi? Ya ce a duba fataken shuni. Su ne masu arzikin garin a da, su suka riƙa ɗauko makaɗa daga manyan birane.

Motoki ya ce ke nan rawar ta 'yan kasuwa ce. Malam ya ce bai ce ba.

Ya tashi ya lalubo wata takarda, kwafin wata tsohuwar doka. Hukuma ce ke cewa rawa kwana uku za a yi kada a ƙara, kuma masu rataya takobi kada su shiga cikin talakawa.

"Ka gani," in ji Malam, yana jin daɗi. "Tsohuwar takardar da nake da ita a kan rawar nan ba ta ce ga yadda aka fara ba. Cewa ta yi a daina."

Motoki ya ce shi abin da ya kawo shi ɗaya ne: gidan da ke makoki yana rawa ko ba ya yi?

"Ni sarewa nake busawa," in ji Malam.

Ranar sha biyu aka buɗe bikin a tsakiyar gari. Motoki ya shiga mota ya je tun rana ba ta faɗi ba, yana tunanin ko idonsa zai gaya masa abin da bakin tsofaffi ya kasa. Mutane sun cika gadoji da bakin kogi har ba wurin sa ƙafa. Ya ga ƙungiyar ma'aikatan banki, da ta ɗaliban likitanci, da ta wani kamfanin magunguna, sunan kamfanin a bayan kowace riga. Ya ga mata ɗari a jere cikin malfunan ciyawa, hannuwa sama, a kan tsinin takalman katako, ba wadda ta kauce ko da taku ɗaya. Bai ga mai kiran mamaci ba. Masu maye kuwa 'yan kallo ne. A wata mahaɗa inda ake barin kowa ya shiga, wani mutum ya ja shi cikin sahu. Ya jefa ƙafar dama, hannun hagu ya tafi da kansa. Ya gyara, ya yi taku uku daidai, na huɗu jikin ya koma tafiyar ofis. Wata tsohuwa a gefensa ta tambaye shi daga wace ƙasa ya zo, ta kuma yaba masa yadda ya iya yarensu.

Da ya dawo gida ya ja layi uku a takarda, ya rubuta fada, matattu, shuni. A ƙarƙashin kowanne ya rubuta wanda ya faɗa. Sunan Tamotsu ya fito sau biyu.

Ranar sha uku Kinue ta hura 'yar wuta a ƙofar gida ta tarbi baƙonta. Daga nan ta riƙa zuba abinci kwano uku. Tana ba hoton labarin unguwa, wa ya mutu, wa ya sayar da jirginsa, da yadda ɗansa ya zama mai tunani. Masae tana zuwa kowace safiya ta duba ko kugen ya koma kan ƙusarsa. Tamotsu yana bugo waya kowace yamma a kan gwaji, Motoki yana ce masa bai yanke ba tukuna. Kinue ba ta ƙara yi masa maganar ba. Kugen dai kullum yana nan a gefen kwanon shinkafarsa.

Ranar sha biyar, ƙarfe huɗu, ya ji ƙwas-ƙwas a soro. Ya leƙa. Uwarsa ce, cikin rigar ƙungiya, ta ɗaure malfar har ba a ganin komai sai haɓarta, tana zura ƙafa cikin takalman katako. Shekararta saba'in da biyu. Ya ce mata ai bai ce zai buga ba. Ta ce ta sani. Ya ce in ba kuge ba wanda zai fita.

"Ni zan fita. Daga haikali zuwa shagon awara ai ba ɓata zan yi ba."

"Ke kaɗai, Inna? Ba kiɗa?"

"Yau zai koma. Sai na bar shi ya tafi kamar wanda ya zo karɓar kuɗin wuta?"

Ta buɗe ƙofa ta fita. Ya tsaya yana kallon takardarsa mai layi uku. Har yanzu bai san wa ke da gaskiya ba. Abin da ya sani shi ne ba zai iya zama a ɗaki uwarsa tana rawa ita kaɗai a kan titi ba kiɗa ba. Rigar babansa tana rataye a bayan ƙofa, an goge ta. Ya sa, ya ɗauki kugen.

Ya tarar da su duka a ƙofar haikali, ashirin da biyar, a shirye. Ba wanda ya yi mamakin ganinsa, abin da ya ɗan ba shi haushi. Suka jeru yadda suka saba: mai doguwar gora da fitilar ƙungiya a gaba, mata a bayansa da Kinue a sahun farko, sannan maza, makaɗa a ƙarshe. Masae tana gefen titi da lemarta, ta ɗaure fuska, ba ta ko dube shi ba.

Sai da ya rataya kugen a hannunsa sannan abin ya faɗo masa. A tsakar gida an koya masa tayarwa da riƙewa. Tsayarwa kuwa, baban ne ke fizge sandar ya ce ya isa. Ya matsa wajen kunnen Tamotsu mai rai ya tambaye shi yadda baba ke tsayar da rawa.

Tamotsu ya ce bugu uku masu ƙarfi. Malam Okahisa, da ke goge sarewarsa, ya ce ba haka ba ne, ɗaga sandar yake yi sama kowa ya gani. Ɗaya daga cikin masu molo ta ce ita dai bugu ɗaya take ji, babba. Abin da suka haɗu a kai shi ne in Isamu ya tsayar, kowa na tsayawa kamar an yanke da wuƙa. Tamotsu ya dafa kafaɗarsa ya ce in sun isa shagon awara zai gane da kansa. Ba wanda ya tambayi Masae.

Motoki ya buga. Ƙarar ta fi yadda yake tunawa kaifi. Ganguna suka ɗauka, molo da sarewa suka shigo, hannuwan mata suka tashi sama gaba ɗaya, maza suka duƙa. Sahu ya motsa. Hannunsa ya kama bugun tun kafin kansa ya sa baki, ya kuwa ƙyale shi. Mutane suka fito ƙofofin gidajensu da mafitai. Wata mata ta nuna shi ta ce wa ta kusa da ita wani abu, dukansu biyu suka sunkuyar masa da kai. A karo na farko cikin kwana goma bai tambayi kansa komai ba.

Fitilar ta isa shagon awara. Mai shagon ya riga ya jera kofunan shayi a kan tebur.

Motoki ya yi bugu uku masu ƙarfi. Tamotsu, idonsa a rufe, ya ɗauka an ce a ƙara wuta, ya ƙara. Sahu ya yi sauri.

Ya ɗaga sandar sama. Shi ne na ƙarshe a sahu, ba mai ganinsa sai Malam Okahisa, wanda ya zaro masa ido ta saman sarewa, ya ci gaba da busa.

Ya yi bugu ɗaya, babba, har hannunsa ya yi tsami. Ba abin da ya faru. Mai fitila, da yake kiɗa bai tsaya ba kuma shekara ashirin ba ya waiwaye, ya sha kwanar ya gangara titin da ke zuwa tashar jiragen ruwa. Mata suka bi shi. Mai shagon awara ya bi su da kallo, butar shayi a hannunsa.

Motoki ya daina bugawa gaba ɗaya. Ganguna suka cike gurbin suka ci gaba, sahu ya fara karkacewa, wani tsoho ya yi tuntuɓe saboda bugun da ƙafarsa ke jira bai zo ba. Dole ya koma ya kama. Ya yi wa Tamotsu magana, amma a gefen mataccen kunnen yake. Kansa ya ɗaure. An ce kuge ke tsayar da rawa. Ga kuge a hannunsa, ga rawa tana tafiya abinta.

Sun wuce ofishin wasiƙu. Sun wuce gidan ƙanƙarar masunta. Tafiyar da aka saba yi ta minti goma sha biyu ta haura ashirin da biyar. Gumi ya jiƙa bayan rigunan maza, duƙawarsu ta zama ta masu neman abin da ya faɗi. Amma ba wanda zai tsaya kafin a tsayar, ba a taɓa yi ba, ballantana yau da ake raka Isamu. Mata na kan tsinin takalma, hannuwa sama da kai. A ƙarshen titin babu komai sai daɓen tashar, bayansa ruwa.

Wani abu ya soke shi a haƙarƙari. Tsinin lemar Masae ne. Ta biyo su duk gangaren, tana haki, ta kamo hannun rigarsa ta jawo kunnensa.

"Kai ma sakarai ne kamar su. Ubanka bai taɓa tsayar da kowa ba."

Ya ce to wa ke tsayarwa, hannunsa bai daina bugu ba.

"Dubi hannun uwarka na hagu. Ta karya shi a masana'antar kifi tun ba a haife ka ba. Duk shekara, daidai shagon awara yake gajiya ya fara sauka. Matan nan ita suke kallo, mazan matan suke kallo, Tamotsu ƙafafun maza yake ji a ƙasa. Ubanka in ya ga hannun ya sauka sai ya buga na ƙarshe, kowa ya ce Isamu gwani. Shekara arba'in da shida ina kallo."

"Ita ta sani?"

"Ina ta sani? Ita tana ganin shi take ji."

Ya hango ta can gaba, ta saman malfuna. Hannun hagun yana karkarwa kamar ganye, amma yana sama. Yau ba ta bar shi ya sauka ba. Tana jiran bugun da ta saba ji, shi kuma bugun nan bai taɓa zuwa ba sai bayan ta sauke.

Mai kuge ba ya barin bayan sahu. Motoki ya bari. Ya kutsa tsakanin maza yana bugu, ya bi ta gefen mata, malfar wata ta kaɗe masa tabarau ya karkace. Mai fitila saura masa taku kaɗan ya hau daɓen tashar. Motoki ya sha gaban uwarsa, yana tafiya da baya, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin malfar. Fuskarta ta yi fari, leɓenta a cije.

"Inna, sauke hannu."

"Ba a tsayar ba."

"Na tsayar sau uku."

"Ban ji ba."

"Ni ne mai kugen. Ki sauke, za ki ji."

Ta dube shi kamar ba ta gane maganar ba. Shi ma bai tabbata ya gane ta ba. Ta yi taku biyu. Sannan hannun hagun ya sauko, na daman ya biyo shi. Hannuwan da ke bayanta suka zube sahu bayan sahu. Ya buga ɗaya. Ganguna, molo, sarewa, duk suka ɗauke kamar an yanke da wuƙa.

Sai ƙarar ruwa yana dukan jikin jirage, da tsofaffi ashirin da biyar suna haki. Wasu suka zauna a kan akwatunan kifi. Mai fitila ya waiwayo a karo na farko, ya dubi inda suke, ya tambayi ina shayi.

Tamotsu ya sauke gangarsa, ya dubi ruwan, ya ce to ga shi nan, abin da ya faɗa ke nan, rawar ta koma inda ta fito, bakin teku, wurin matan masunta. Ya ce yaron nan ya fi ubansa sanin asali. Masae ta ce ita mashaya ta gani sun kusa afkawa ruwa, kamar yadda aka yi a zamanin fada. Malam Okahisa ya ce zai rubuta abin da ya faru yau da kwanan wata, don kada nan da shekara ɗari a ce da gangan aka yi. Tamotsu ya tambayi Motoki wanne ya yi amfani da shi a ƙarshe, ukun ko ɗayan. Motoki ya dubi Masae. Ta buɗe lemarta ta juya baya. Ya ce ɗayan.

Kinue ba ta zauna ba. Ta kasa ɗaga hannu ta kwance malfar, sai da ya kwance mata. Ta taka zuwa bakin daɓen, ta tsaya tana kallon mashigar teku. Rana ba ta gama faɗuwa ba.

"To, ka ji dai da kunnenka muna nan," ta ce wa ruwan. "Har nan muka kawo ka. Sai ka kama hanya."

Ta ɗan jira, sannan ta juyo. Ta ce wa Motoki ya riƙe ta, ƙafafun ba nata ba ne. Suka kama hawan gangaren a hankali, sauran na biye da su, ba kiɗa. Daidai gidan ƙanƙara ta ce babansa bai taɓa wuce shagon awara ba, ko sau ɗaya. Ba ta san yadda yake yi ba, daidai lokacin da za ta gaji sai ta ji ya buga.

Motoki ya ce shi ma bai sani ba.

"Sai ka koya," in ji ta. "Baɗi a shagon za ka tsaya. Mutumin nan ya dafa shayi a banza."

Bai ce mata zai kai baɗi a garin ba. Tikitinsa na komawa yana cikin jaka, saura kwana shida. A gida ya sauke farar fitilar kamar yadda ta ce, ya mayar da kugen kan ƙusarsa. Da ya zo zama cin abinci ya tarar ta zuba kwano biyu. Ta kasa riƙe tsinkayen cin abinci, ya tashi ya ɗauko mata cokali. Takardarsa mai layi uku tana ƙarƙashin tukunyar miya, ta sa ta don kada zafi ya ɓata tebur.